Fim ɗin tafiya daga Kwangila zuwa Sakkwato: ku taya ni duba labarin nan

Marubuciya daga Samaru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina rubuta labarin fim, na kai wani wuri na cije, shi ya sa na kawo shi gabanku. Kusan komai a kan hanya yake faruwa. Motar haya ce, Sharon, ta yi lodi a Kwangila da ke Zariya za ta Sakkwato, ta bi Giwa, Funtuwa, Tsafe, Gusau, Talatar Mafara, tafiyar kusan kilomita 400. Mutum uku ne labarin ke kansu, kowa da kaɗaicin da ke damunsa, kuma babu wanda ya taɓa ganin wani.

Na farko dattijo ne, tsohon ɗan kasuwar hatsi. Da ƙaninsa ya rasu ya danne gonar marayu, 'ya'yan suka tashi a hannun dangin uwa. Yanzu ciwo ya ci ƙarfinsa, 'ya'yansa sun watse, ya ɗauko takardun gonar a leda zai kai wa babbar 'yar marigayin da ke aure a Sakkwato. Ta biyu mace ce da aka saka, aka karɓe 'ya'yanta biyu, za ta koma gidan yayanta don iyayensu sun rasu. Na uku saurayi ne da aka sallama daga jami'a tun yana aji biyu, ya ɓoye, ya ci gaba da karɓar kuɗin makaranta daga mahaifinsa, yanzu an kira shi gida za a yi masa walimar kammala karatu.

Abu biyu nake tambaya. Mai kallo Bahaushe zai yarda baƙin juna su buɗe cikinsu a motar haya? Sannan in dattijon ya isa ƙofar gidan, a yafe masa ko a ƙi?

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Anti, labarin ya yi daɗi, amma ni a ganina kaɗaici ba ciwonmu ba ne. Wannan na Turawa ne, inda tsoho ke mutuwa a ɗaki sai wari ya fito. Mu gida ɗaya mutum ashirin, ga majalisa, ga masallaci sau biyar, ga biki ga suna. Ina mutum zai samu kaɗaicin? Kuma Bahaushe da kunya, ba zai zauna a mota yana tona asirin kansa ba.

Hajiya daga Tudun Wada:
Ɗana, ka yi magana irin ta wanda bai taɓa kwana a gidan wani yana lissafin lomar da yake ci ba. Je ka tambayi bazawarar da ta koma gidan yayanta. Gida cike da mutane, amma ba ta da ɗaki, tana kwana da yara, matar gida na ƙirga mata cokalin shinkafa, in ta yi kuka a ce ta cika baƙin rai, in ta yi dariya a ce ba ta damu da 'ya'yanta ba. Wa za ta gaya wa? Duk wanda ta gaya wa a cikin dangi, gobe maganar ta koma inda ba ta so. Cikar gida ba ta hana wannan ciwo, wani lokaci ma ita ke ƙara shi, don ba inda za ka ɓuya ka share hawaye.

'Yata marubuciya, matar nan taki na san irinta da yawa. Ki riƙe ta da kyau.

Tsohon direba na Dogarawa:
Salamu alaikum. Na daɗe a kan hanyar Zariya zuwa Sakkwato kafin idona ya gaza, don haka bari in sa baki. Yaro na Sabon Gari, abin da kunnen direba ke ji a mota ko alƙali bai ji shi ba. Dalili kuwa a fili yake: wanda ke gefenka bai san unguwarku ba, bai san surukanka ba, da an isa tasha kowa ya kama gabansa. Wannan shi ke sakin harshe. Na ga magidanci ya gaya wa baƙo bashin da ko matarsa ba ta sani ba.

Sai dai 'yata, ba daga tasha ake farawa ba. Daga Kwangila har Giwa ba abin da za ki ji sai ƙorafin matsi, da kuɗin mota, da wanda ya sa buhu a kan ƙafar wani. Magana tana fara daɗi ne bayan an ci wani abu tare. Wani ya sayi rake ko ƙwai ya miƙa baya, an ce bismillah, to daga nan. Kuma in akwai Bakano a motar, shi ke nan, shi da Bazazzagi za su fara tsokanar juna, kowa ya yi dariya, fuska ta saki. Ki sa wannan a ciki, haka abin yake.

Marubuciya daga Samaru:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wata matsalar kuma: tafiyar yini ɗaya ce, ni kuma ina son su kwana a hanya. Na sa mota ta lalace, amma ji nake kowane fim haka yake yi.

Tsohon direba na Dogarawa:
Ba sai mota ta lalace ba. Ki sa lodi ya yi jinkiri, fasinja bai cika ba sai bayan la'asar. Kafin su isa Funtuwa rana ta yi ja. Yau duk direban da ke son ransa da na fasinjansa ba ya son ya doshi Tsafe da duhu, saboda 'yan bindiga. Sai ya ce kwana a Funtuwa, sai asuba. Nan za a yi rigima, wani ya ce ya biya kuɗinsa sai an kai shi, masu 'yan uwa a gari su tafi, masu gajeren zango su nemi wata mota. Wa zai rage a tasha? Waɗanda ba su da wajen zuwa kuma ba sa ɗokin isa. Ga mutanenki uku nan, ba ki ƙirƙiro komai ba.

Da can da dare muke bin hanyar nan don sanyi, taya ba ta zafi. In na tuna sai raina ya ɓaci.

Mai kyamara daga Hanwa:
Baba ya ba ki fim ɗin gaba ɗaya. Waɗanda ba sa ɗokin isa, nan zuciyar labarin take. Kowa a cikinsu tsoron ƙarshen tafiyar yake yi fiye da tsoron hanyar.

Ni ta ɓangaren aiki zan yi magana. Ɗaukar fim a cikin mota wahala ce da marubuta ba sa lissafawa. In an sauke gilashi iska ta cinye murya, in an ɗaga 'yan wasa su jiƙe da gumi kwalliya ta narke, in an kunna sanyi ƙararsa ta shiga sauti. Kowane ɗan wasa sai an maƙala masa ƙaramar makirfo a riga. Haske kuma yana juyawa duk kwanar da mota ta sha, in kika ɗauki rabin hira da hantsi rabi da la'asar mai kallo zai gani. Ga mai, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 duk fitar da za a yi da mota biyu ko uku sai an yi lissafi. Kuma ba mai kai 'yan wasa da kayan aiki hanyar Tsafe yanzu. Za a ɗauki cikin mota a nan kusa, wajen Shika ko hanyar Hunkuyi, a samo hotunan garuruwan daban. Shawarata ki mayar da kusan rabin fim ɗin daren Funtuwa: teburin mai shayi, benci, masallacin tasha. Ya fi sauƙi, kuma a nan ne za a ga fuskokinsu sosai.

Ɗan Sabon Gari:
To na ji na kaɗaici, Hajiya ta yi gaskiya. Amma wa zai saya? Ba waƙa, ba soyayya, tsoho da bazawara da ɗan ƙarya a benci. Mutanenmu a YouTube in minti biyar ta wuce ba a yi faɗan kishiya ba sun wuce. Ko dai a haɗa saurayin da matar, a samu abin riƙewa?

Malamar Hausa daga Kongo:
Don Allah kada a haɗa su. Da an yi haka an kashe labarin, ya koma irin wanda muka gaji da shi. Ba duk kusancin namiji da mace ne ke ƙarewa a aure ba. Ta girme shi, bari ta zame masa yaya, shi ya zame mata ƙanin da ya tsaya mata inda yayanta na jini bai tsaya ba.

In kuwa wani zai ce labarin tafiya baƙo ne a wurinmu, mu 'yan Zariya bai kamata mu faɗi haka ba. A garin nan aka shirya gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933 ƙarƙashin Baturen jami'in ilimi Rupert East, kuma cikin littattafan da suka fito daga gasar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Duka biyun tafiya ce ƙashin bayansu. A Shaihu Umar uwa ce ta kama hanyar hamada tana neman ɗanta, kuma Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, tun kafin a san wani abu wai shi Kannywood. Kafin littafi ma akwai labaran fatake, da madugu, da zango, da masu tafiya Makka a ƙasa ta Sudan su yi shekaru. Kakanninmu a hanya suka san mutane. Mu ne dai muka shigar da kyamara falo muka rufe ƙofa.

Almajiri daga Ƙofar Gayan:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malama ta kawo na boko, bari in ƙara da abin da ya fi shi daɗewa. A Bukhari da Muslim akwai hadisin mutumin da ya kashe rai 99, ya tambayi wani mai bauta ko yana da tuba, ya ce babu, ya cika ɗari da shi. Sannan ya samu malami ya ce masa wa zai shiga tsakaninka da tuba, amma ka bar garin nan ka tafi gari kaza inda mutanen kirki suke. Ya kama hanya, mutuwa ta riske shi bai isa ba, aka auna, aka same shi ya fi kusa da inda ya nufa, mala'ikun rahama suka ɗauke shi. Kun ga tuba da tafiya sun daɗe tare.

Amma 'yar uwa, ga inda nake so ki yi hattara. Malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa: barin laifin, nadama, ƙudurin ba za a koma ba. In kuma laifin ya shafi haƙƙin wani, sai an mayar masa ko ya yafe. Dattijonki dukiyar maraya ya ci, aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta faɗi abin da mai yin haka yake zubawa a cikinsa. Kuka a gaban mai shayi ba ya sauke masa wannan. Abokan tafiya za su iya tausaya masa, su ƙarfafa masa gwiwa, amma ba su da ikon yafe abin da ba nasu ba. Fina-finan waje da yawa a nan suke tsayawa, mutum ya faɗi laifinsa ya ji sanyi a ransa, shi ke nan an wanke shi. A wurinmu mai haƙƙi yana nan da ransa, yana jira.

Kuma ba gonar kaɗai ba ce. Amfanin da ya ci duk shekarun nan fa?

Marubuciya daga Samaru:
Malam, wannan tambayar ta ƙarshe ta shige ni. Ina ganin matar ce za ta yi masa ita a daren Funtuwa, ba don cin fuska ba, don ita ta san ɗacin a karɓe maka naka. Kowa zai yi tsammanin za ta lallashe shi, sai ta ce: Baba, takarda kawai ka kawo?

Ina kuma da wurin salla. An tsaya magariba da isha, matafiya ne, za su yi ƙasaru, aka tura shi gaba saboda furfura. Na so ya karanta Wadduha, muryarsa ta karye a ayar maraya.

Almajiri daga Ƙofar Gayan:
Ƙasaru ta inganta, nisan ya wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ambata, isha ta koma raka'a biyu, magariba tana nan uku. Amma ni da zan ba da shawara, kada ya karanta. A tura shi ya ƙi shiga gaba, ya ce yaro ya ja. Yaron shi ma ya noƙe. Su tsaya suna kallon juna har direba ya wuce gaba. Duk wanda ya san nauyin limanci zai gane abin da ke cikin zukatansu ba tare da an ce komai ba. Sannan ki kiyaye, sanya karatun Alƙur'ani a bakin ɗan wasa yana kukan wasa abu ne da mutane da yawa ba za su ji daɗinsa ba.

Mai kyamara daga Hanwa:
Malam, wallahi wannan ya fi. Zan iya ɗaukarsa da fitila ɗaya.

Wani uba daga Gyallesu:
Ni duk hankalina yana kan yaron nan, kuma ina ganin kuna yi masa sassauci. Kun san abin da uba ke sayarwa kafin ya haɗa kuɗin rajista? Wani akuya, wani hatsin da za a ci da damina. Yaro ya karɓa yana sane ba makarantar da yake zuwa. Wannan cin amana ne, ba ƙuruciya ba. Kada fim ya nuna wa 'ya'yanmu cewa ka yi ƙarya, ka samu baƙi su rarrashe ka a mota, komai ya wuce.

Hajiya daga Tudun Wada:
Alhaji, ba wanda ya ce bai yi laifi ba. Amma ka tambayi kanka me ya hana shi faɗa tun ranar farko. Yaron da tun yana firamare ake kiransa likita a gida, duk gari an san ɗan wane yana jami'a a Zariya, uba yana zama a majalisa da wannan alfahari. Ranar da sakamako ya fito ba sunansa, ta ina zai fara? Ƙarya ɗaya ya yi don ya sayi mako guda, makon ya zama shekaru. Akwai irinsu a ɗakunan haya na garin nan, suna fita da safe da jaka don kada maƙwabta su gane. Wasu a nan shaye-shaye ke kama su. In fim ɗin ya sa uba ɗaya ya kira ɗansa ya ce gaya mini gaskiya ba zan tsine maka ba, ya biya kuɗinsa.

Wani uba daga Gyallesu:
Na karɓi wannan, Hajiya. Amma a nuna fuskar uban lokacin da ya ji. Kada a yanke kafin nan. A bar yara su ga abin da ƙarya ke yi wa dattijo a gaban baƙin da ya tara.

Malamar Hausa daga Kongo:
Akwai abin da ba a taɓo ba game da matar. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, renon 'ya'ya bayan saki haƙƙin uwa ne matuƙar ba ta yi wani aure ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, ciyarwa kuma a kan uba. Mata da yawa ba su san haka ba, ana karɓe yara su ɗauka haka shari'a ta ce. Me zai hana dattijon, wanda ya sha zaman kotu yana kare zalunci, ya zama shi ne zai gaya mata hanyar da za ta bi ta nemi 'ya'yanta? Ilimin da ya cuci marayu da shi, ya yi amfani da shi sau ɗaya a inda ya dace.

Kuma ki bar kowa ya yi harshen garinsu. Dattijo Zazzaganci, yaro Sakkwatanci in ya manta kansa. Kada a goge su duka su koma Kananci.

Ɗan Sabon Gari:
To mu dawo tambaya ta biyu. Ni dai a yafe masa. Mun sha wahalar gaske a rayuwa, in mun zauna kallo a bar mu mu tashi da farin ciki. Allah ma muna saɓa masa yana yafewa.

Hajiya daga Tudun Wada:
Ɗana, yafiya alheri ce, amma ba a ƙwatarta. Yarinyar nan ta tashi tana ganin uwarta na surfe a gidan mutane alhali gonar ubanta tana hannun baffanta. Wataƙila karatu ta bari saboda haka, wataƙila auren da aka yi mata ba shi take so ba. Sai tsoho ya zo yini ɗaya da leda, kiɗa ya tashi, ta faɗi tana kuka ta ce na yafe? Wannan shi ne abin da kullum ake yi wa mata da marayu, a tara dattawa a ce ki yi haƙuri, kafin ma a tambaye ta me aka yi mata. In za ta yafe, a ba ta lokacinta.

Marubuciya daga Samaru:
Ga abin da nake tunani yanzu. Sun isa Sakkwato, matar da saurayin suka ce ba za su bar shi ya je shi kaɗai ba. Aka yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. 'Yar ƙanin nasa ta aiko yaro da ruwa, ta karɓi takardun, amma ba ta fito ba. Ta aiko cewa ta ji, za ta kira ƙannenta su yi shawara, don gonar ba tata ce ita kaɗai ba. Bai samu abin da ya zo nema ba, ba a kuma kore shi ba. Daga nan su biyun su raka yaron gidansu, dattijon ne zai fara shiga wurin uban.

Almajiri daga Ƙofar Gayan:
Wannan ya dace da shari'a ma, domin ba ta da ikon yafe rabon ƙannenta.

Ɗan Sabon Gari:
Ni har yanzu zuciyata tana son ta fito ko gaisuwa ce ta yi masa. Baffanta ne fa.

Tsohon direba na Dogarawa:
Wannan ku da marubuciya. Ni gyara ɗaya gare ni. Motar layi ba ta kai fasinja ƙofar gida, a tasha take sauke kowa, direba ya je ya rubuta layin dawowa. In kina son direbanki ya bi su cikin gari, sai dai su yi shatar motar, ko ya ajiye ta su hau Keke Napep tare, kuma ki nuna ya yi asarar layinsa na ranar, don mu mun san abin da hakan ke ci. Ki zo Kwangila da sassafe ranar da ba ki da aiki, ki taho da wani ɗan uwanki, zan haɗa ki da yaran da ke bin hanyar yanzu. Su za su gaya miki inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa, don abin ya canza tun bayan da na bari.